Sunan Nomau a Ƙarshen Faifai

Ku da kuke zama a bencin ƙofar shagona kuna latsa salula, na ji abin da ɗayanku ya faɗa jiya, kada ku ɗauka kunnena ya tsufa. Wai gyaran garmaho ba sana'a ba ce, ɗora allura ne kawai a kan faifai, kowa ma ya iya. To madalla. Tunda bakinku ya iya magana, ina jin kunnenku ma ya iya saurare. Ku matso in ba ku labarin aiki guda da na yi bara, bayan an gama girbin gero, ku ji yadda ake ɗora allurar.

Ranar kasuwar Gidan Rumji ce, da hantsi, wata mata ta sauko daga amalanken shanu da ƙunshi a kai, ta zo ta tsuguna nan inda kuke zaune. Lantana sunanta, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi a wani ƙauye can bayan Cadakori. Ta kwance ƙunshin a hankali, sai ga garmaho mai murfi, irin wanda ke aiki da batir, da babban faifai guda ɗaya naɗe cikin zane.

Ta ce, "Malam Laminu, kai anka ce in kawo ma. Na Baba na. Ya ce in ba ka iya ba, to babu mai iyawa daga nan har Maraɗi."

Na ce, "Baba ya iya zuga. Mi ya samu abin?"

Ta ce, "Tsalle shikai. Kuma daidai wurin sunanshi."

Sai ta warware mini zance. Mahaifinta, Baba Nomau, ya haura tamanin, idonsa ya tafi. A ƙuruciyarsa shi ne gwarzon gayya a yankinsu, in aka jera samari a bakin gona shi ke fara kai kunyarsa ƙarshe. Wani makaɗin noma ya yi masa waƙa, daga baya wasu baƙi suka zo da na'ura suka ɗauki kiɗan makaɗin, aka buga faifai. Waƙar da ke da sunan Nomau ita ce ta ƙarshe a fuska ta biyu. Ya sayar da rago ya sayi garmaho don ita kaɗai, gari ya yi 'yan shekaru yana shan kiɗan. Daga nan allura ta fara tsalle in ta kusa tsakiyar faifan, muryar makaɗi ta koma shuuu, ba a gane komai. Waɗanda suka taɓa jin sunan da kunnensu duk ƙasa ta rufe musu ido. Saura mutum ɗaya, taubashinsa Baba Arzika, shi kuwa shekara arba'in ke nan yana faɗa a gindin bishiya cewa shi dai bai taɓa ji ba, mafarki Nomau ya yi. Yanzu har jikoki sun kama, in tsohon ya fara labarin sai su riƙa ƙyafta wa juna ido suna dariya.

Lantana ta ce, "Shekaranjiya yac ce min, Lantana, ban son in mutu maƙaryaci ga bakin jikokina. Shi ya sa na baro tuyata na taho."

Kun ji abin da aka ɗora mini. Maganar dattijo ce ke lilo a bakin allura.

Da na buɗe murfin sai da na yi salati, sannan dariya ta kama ni. A kan hannun garmahon, daidai saman allura, an manna dala biyu da ƙaro. A kan farantin da ke juyawa, inda ya kamata a ga siririyar shimfiɗa, an ɗora jar fatar akuya ninki biyu, da ɗinki da ado, aikin baduku na gaske. Faifan kuwa sai sheƙi yake, ina shinshinawa na ji ƙanshin man gyaɗa.

Na ce, "Wa ya shafa mai?"

Ta ce, "Ni ta. Na ga ya yi hurhura, ya bushe awa ƙahwar mai tahiya."

Babu mugu ko ɗaya a cikin waɗanda suka yi wannan ɓarna, shi ya sa na kasa yin faɗa. Gara ce ta fara cin shimfiɗar asali, sai badukun garin ya ce garmahon Nomau ba zai zauna tsirara ba, ya yanko masa fata mafi kyau. Fatar ta yi kauri, faifai ya ɗaga sama, kan hannu ya ɗaga tare da shi, gindin hannu ya zauna ƙasa. Allura ta daina shiga layi yadda aka yi ta, ta fara tsalle. Da Nomau ya ga tana tsalle sai ya danne ta da dala, da ɗaya ba ta isa ba ya ƙara ta biyu. Nauyin ya riƙa niƙa faifan har ya yi fari, ita kuma 'yarsa ta bi shi da mai, man ya kama duk wani datti ya cusa a layukan. Garin gyaran gira ke nan ake rasa ido.

Wani dalilin da ya hana ni faɗa shi ne ni ma na taɓa manna dalar nan. Ina saurayi aka kai ni Gazawa wurin Alhaji Sanda, mai gyaran agogo da rediyo, wanda iyayensa suka ƙetaro daga wajen Katsina. Watana huɗu a shagonsa wani mushen lakol, wato malamin makaranta, daga Agye ya kawo garmahonsa, wai yana tsalle. Alhaji ya tafi jana'iza, ni kuwa ina jin na riga na zama gwani. Na ɗauko dala na ɗora, tsalle ya tsaya, mushe ya yaba mini, na wuni ina tafiya ina buɗa kafaɗa. Bayan sati uku sai ga shi ya dawo da faifansa guda biyu da ya fi so, sun yi fari fat, mawaƙiyar ciki kamar tana waƙa da yashi a baki. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye su a teburin Alhaji ya ce daga Yamai aka kawo masa su, kuma ba a samun irinsu yanzu. Kunyar ranar nan har yau ba ta sake ni ba.

Alhaji bai mare ni ba, da ma ya mara da ya fi mini sauƙi. Ya sa na durƙusa gaban tebur har idona ya zo daidai da gefen faifai, ya ɗora allura, ya ce, "Mi ka gani?" Na ce hannu na gani. Ya ce in ci gaba da kallo. Kwana uku ina durƙuso, masu wucewa suna tsammanin horo ake yi mini. A rana ta uku ya yago takarda daga kaye, littafin rubutun 'yan lakol, mai layi-layi, ya ninke ta ya tsayar a bayan hannun. Nan take na ga abin da na kasa gani: hannun bai bi layin takardar ba, gindinsa ya fi kansa tsawo da kamar kaurin ƙwayar gero biyu. Ya ce, "Wanga ɗan bambanci da kake rainawa, shi ne abincinmu." Ya sassauta 'yar ƙusa a gindin hannun, ya sauke shi kaɗan, ya ɗaure. Aka sa faifai, ya yi ta juyawa har ƙarshe babu tsalle, babu dala.

Da yake ni ɗan manoma ne, da hauya ya yi mini bayani. In ka miƙe ƙotarta da yawa sai ta kafe a ƙasa, in ka kwantar da ita da yawa sai ta zame ta bar ciyawa, akwai tsayuwa guda da take ci ba wahala. Haka allura. In gindin hannu ya yi sama, murya takan yi siriri, ta yi tsini, duk inda mawaƙi ya ce "sa" sai ka ji kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. In gindin ya yi ƙasa, murya takan dushe, ganga ta yi nauyi ta danne magana. Ya kuma nuna mini yadda ake ɗora ɓallin madubi a kan faranti a sauke allura a kai, a duba ta gaba. Ita da hotonta sai sun miƙe sun zama sanda guda, in suka yi gwiwa to ta karkata, gefe ɗaya na layin take ci. Shekara shida na yi a wurinsa, kuma har na bar Gazawa bai taɓa cewa na iya ba. Abin da ya fi yabo a bakinsa shi ne ya saurari aikinka ya ce a kawo shayi.

Kayan aikin da na fitar don garmahon Baba Nomau su ne dai waɗanda na fara da su. Akwai turnabis, abin kwance ƙusa, ɗan siriri da na wasa da kaina daga wayar ƙafar keke, da gilashin ido ɗaya na masu agogo wanda Alhaji ya ba ni ranar sallama, da ɓallin madubin uwargidana da ya fashe tun muna amarci, wanda har yau take cewa sace mata na yi. Akwai gashin tantabara na share allura. Sai kuma battar taba ta kakana, wadda babu taba a ciki sai allurai, kowace a naɗe cikin auduga.

Battar nan ta cika ne a mummunar shekara. Kaset ya shigo ya gama gari, a daidai lokacin kuma damina ta yi gardama, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Wanda ke neman abin da zai sa a tukunya ba ya tuna garmaho. Na yi wata biyar ba a kawo mini ko ɗaya ba. Na koma gyaran cocila da fitilar ƙwai, ina bin kasuwannin ƙauye da jaka a kafaɗa, daga Tibiri har Cadakori. A nan na ga faya-fayai sun zama murfin tulu, na ga an huda wani an rataya a gona don korar tsuntsu. Duk gidan da na tarar da mataccen garmaho a bayan rumbu, sai in roƙa a bar ni in cire allurar. Mutane na dariya, wani ya ce in haɗa da kwalin duka in rage masa shara. Abokan sana'ata biyu suka bari, ɗaya ya koma sayar da goro, ɗaya ya ƙetara Kudu bai dawo ba. Ni ma na karɓi kaset da rediyo, daga baya har salula na taɓa, don ciki ba ya jiran faifai. Amma battar ban yar ba. Yanzu ga shi daga Yamai ake aiko mini da garmaho a mota, wai abin ya dawo yayi, da tsohuwar zuma dai ake magani.

Irin allurar da garmahon Baba Nomau ke ci, guda ɗaya tak ta rage mini a battar. Na duba ta da gilashi, bakinta lafiya lau. Tasa kuwa ta cinye ta koma kamar bakin tsohuwar tabarya, na cire ta na sa tawa.

Wankin faifan ya ci mini kwana uku. Ba a wanke faifai da ruwan rijiyarmu, yana da kanwa, in ya bushe sai ya bar fari a layi. Ruwan sama nake tarawa a jarka tun damina, in tace shi da ƙyalle. Na ɗiga sabulu kaɗan, na riƙa bin layukan da auduga, zagaye-zagaye yadda suka tafi, ba a ƙetare su. Audugar farko ta fito baƙa ƙirin, ta goma ta fito ruwan ƙasa. Na jingine shi a inuwa cikin ɗaki, don rana da faifai ba sa ga maciji, minti kaɗan ya ishe ta ta lanƙwasa shi. Da ya bushe na sa gilashi na bi waƙar ƙarshe layi-layi. Sun yi furfura, gefensu ya ci wuya, amma can ƙasan layin akwai sauran rai. Na lissafa a raina cewa faifan nan ba zai jure sawa da yawa ba, don haka ba zan ɓata ko ɗaya a gwaji ba.

Na cire dalolin, na kankare ƙaron. Na cire jar fatar na naɗe ta da mutunci don a mayar wa mai ita, na yanko sabuwar shimfiɗa daga robar cikin tayar babur. Sai wata matsala ta fito: irin wannan garmahon ba shi da ƙusar ɗaga hannu, masu yin sa ba su yi tunanin gara ba. Na kwance gindin hannun gaba ɗaya, na yanka 'yan zobba daga gwangwanin kifi, na riƙa sa su a ƙasa ɗaya bayan ɗaya. In sa, in ɗaure, in durƙusa da takardar kaye, in kwance, in ƙara. A zobe na uku hannun ya kwanta daidai da layi. Gwiwata ta gaya mini shekaruna a ranar.

Saura kan allurar. Waƙar ƙarshe ita ce mai wuyar sha'ani a kowane faifai, don a can zagayen ya ƙanƙance, kiɗa ya matsu a ɗan wuri, kuskuren da allura za ta yafe maka a bakin faifai ba za ta yafe shi a tsakiya ba. Na huda takarda na zura a ƙusar faranti, na ja layuka, na sauke allura a kan ɗigon da ke kusa da tsakiya. Kan ya karkace zuwa waje. Na sassauta ƙusoshinsa biyu, na juya shi da abin da bai kai kaurin farce ba, na ɗaure. Na sa madubi, na gyara gwiwar. Na matsa ɗan ƙarfen nauyin da ke bayan hannun har allurar ta zauna da nauyin da ya dace da ita. Sannan na gwada da wani faifai nawa, tun daga farko har ƙarshe, ya tafi sumul. Na Baba Nomau kuwa ban sa ba. Gaskiyar magana, ni kaina ban san ko sunan na ciki ba, kuma na ga bai kamata kunnena ya riga nasa ba.

Ranar da Lantana ta dawo ɗauka na ce mata tare za mu. Na ɗaure hannun garmahon da zare, na rungume shi a bayan ɗan kabu-kabu, duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a haƙorina. Muka isa bayan azahar. Labari ya riga mu, gindin bishiyar bedin ƙofar gidan ya cika, mata sun leƙo ta saman dangar kara. Baba Nomau na zaune a buzu da farar riga, siririn tsoho mai manyan hannuwa. Kusa da shi wani gajeren tsoho mai jar hula yana ɓare gyaɗa, tun kafin a gaya mini na san shi ne Baba Arzika.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne malamin da anka ɗauko shi rubuta sunan bawana cikin hwaihwai? In ka iya, ka sa nawa ni ma, ka ce na kashe zaki."

Aka fashe da dariya. Baba Nomau ya juyo da fuska wajen muryar ya ce, "Ci gyaɗarka, raggo. Yau bakinka za shi mutuwa."

Sannan ya laluba ya kamo hannuna, ya rage murya. "Ɗana, ka ji shi?"

Na ce, "Ban sa ba, Baba. Tare za mu ji."

Ya saki hannuna ya gyara zama. Nan na ji tsoro ya kama ni sosai. In tsufa ne ya rikita masa tunani fa, in wani Nomau ne daban, ko kuma dala da mai sun riga sun cinye wurin? Da ni za a haɗa a kunyata shi gaban jikokinsa.

Babu tebur, sai aka kifa mini turmi. Ƙasar wurin yashi ce, turmin ya karkata. Na ce a ba ni faranti da ruwa, na ɗora a kai, na riƙa cusa tsakuwa a ƙarƙashi har ruwan ya kwanta daidai ko'ina. Baba Arzika ya ce, "Kun gani ko, tsubbu za a yi. Sai an ba aljanin ruwa ya sha." Na haɗa waya da batirin hasken rana na maƙwabta, na kwance zaren, na share allura da gashin tantabara. Na ɗora faifan, na yi bisimilla, na sauke allura a farkon waƙar ƙarshe.

Ganga ta tashi, mata suka fara guɗa. Amma ni kunnena bai yarda ba. Gangar ta yi siriri kamar ana dukan gwangwani, muryar 'yan amshi tana tsatsa. Na san in aka shiga matsatsin ƙarshe a haka, magana za ta tarwatse. Na ɗaga allurar.

Sai ga muryar Baba Arzika. "To, an zo wurin ƙarya, inji ya ji kunya."

Na durƙusa a yashi, na tsayar da takardar kaye. Gindin hannun ya ɗan yi sama. Laifina ne: faifan da na yi gwaji da shi a shago ya fi na Baba Nomau kauri, ban auna su ba. Shekara arba'in da wani abu a sana'a, ga ni ina kuskuren ɗan koyo gaban gari guda. Kwance gindin hannu a cikin yashin nan neman ɓatar da ƙusa ne, don haka na ce a samo mini kwalin sukari da almakashi. Na yanka shi zagaye, na huda tsakiya, na sa a ƙarƙashin robar, faifan ya ɗaga da kaurin kwali. Na sake durƙusawa. Hannu da layi sun zama ɗaya. Na sa madubi don in tabbata hanya ba ta karkatar da kan ba, ya nuna mini sanda guda.

Na sake sauke allura. Wannan karon gangar noma ce ta fito da cikinta, har ka ji tafin makaɗin yana sauka a fata. Akwai ƙaraf-ƙaraf na tsufa, wannan ba mai raba faifan da shi, amma murya ta fito a sarari, ta wani mutum mai ƙarfin huhu da ya daɗe a kabari. Ya yi ta kiran manoma, wane na wane, wane na gari kaza. Allura na matsawa tsakiya, ni ina kallon ta, zufa na bin bayana. Ta iso inda layukan suka fi fari, inda ta saba tsalle shekara arba'in. Ta ɗan girgiza, ta zauna, ta wuce. Sai makaɗin ya ɗaga murya:

"Nomau na Hassu, gagara rana,
Kunya goma kahin a kawo hura,
Gonar tudu ta san tahinka,
Raggo shi nemi inuwa, Nomau ya zaka."

Ban taɓa jin guɗa irin ta ranar ba. Hassu ita ce mahaifiyar Lantana, ta daɗe da rasuwa, don haka babu mai cewa wani Nomau ne. Lantana ta yar da mayafi tana rawa tana kuka. Jikokin da ke ƙyafta ido suka rufa a kan tsohon, wani na ɗaga hannunsa sama kamar ɗan kokawa ya yi kaye. Shi kuwa ya miƙe tsaye ba sanda, ya buɗe kafaɗu, ya riƙa sara iska da hannu biyu yana bin kiɗan, bakinsa har kunne. Ni ma farin ciki ya cika ni har na manta gwiwata na ciwo.

Waƙar ba ta ƙare ba, akwai sauran baiti biyu. A nan ne Lantana ta tsaya da rawa ta nuna da yatsa. Baba Arzika ya ajiye gyaɗarsa, ya rufe ido, yana kaɗa kai, yana rera baitin da ke zuwa tun makaɗin bai kai wurin ba. Kalma bayan kalma, har da inda makaɗin ke jan numfashi. Mutane suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, har ya zama daga faifai sai shi. Allura ta kai ƙarshe na ɗaga ta, shi bai ma sani ba, sai da ya ƙarasa amshin shi kaɗai sannan ya buɗe ido ya ga gari na kallon sa.

Baba Nomau ya juyo a hankali. "Arzika. Muryar wa nike ji?"

"Tawa ta."

"Kai da kac ce ba ka taɓa ji ba? Shekara arba'in kana ƙaryata ni?"

Baba Arzika ya share ido da bakin hularsa, ya ɗauki gyaɗa guda ya ɓare, ya laluba tafin taubashinsa ya zuba masa.

Ya ce, "Yo in na yarda tun ran farko, da wace hira za mu kai yau, ni da kai? Duk sauran sun tahi sun bar mu."

Baba Nomau ya tsaya da gyaɗar a hannu. Can sai ya fashe da dariya, ya kai wa jar hular duka ya same ta, ta faɗi a yashi. Ya zauna ya jawo Arzika kusa da shi a kan buzun, kafaɗa da kafaɗa.

Ya ce, "Malam Laminu, maido ta daga farko. Wanga karon raggo za shi yi min amshi."

Na san faifan ba shi da sauran sawa da yawa a jikinsa. Na share allurar, na sauke ta.